Katin da Ke Bakin Zanen Inna Asibi

Duk wanda ya tambaye ni abin da ya kai ni ƙasar Benin, nakan ce masa aikin kwamfuta, in ja bakina in yi shiru. Ba ƙarya na yi ba. Sai dai aikin nan shi ya raba wata tsohuwa da kujerar da take ci da ita, tsohuwar da na zauna a gidanta ina cin tuwonta, kuma ban hango hakan ba sai da ya zo gabana. Sunanta Inna Asibi. Zan zo kanta, amma bari in fara daga Parakou, inda mota ta zubar da ni.

Ni mutumin Kaduna ne, sunana Bashir. Na yi shekaru a ofishin tsare-tsare na wata masaƙa kafin a sa mata kwaɗo, kuma abu ɗaya na iya a duniya, manhajar tsara aiki. Za ka gaya mata abin da kake sa ran masu saye za su nema nan da wasu watanni, ita kuma ta lissafa maka kayan da za ka sayo, da lokacin da ya kamata su iso, da abin da kowane sashe zai yi a kowane mako. Da masaƙa ta mutu na yi kabu-kabu, na yi dako, na yi zaman bakin titi, har na gane Hadiza matata tana sayar da kayan ɗakinta a ɓoye don yara su ci. Shi ya sa da wani mai suna Sidiku ya ce mini ta waya akwai kamfanin sarrafa yazawa a Parakou da ke neman wanda ya san manhajar da Turancin Ingilishi, ban tsaya dogon bincike ba.

Sidiku ya tare ni a tasha da fara'a kamar ɗan uwa. Ya karɓi jakata, ya hau da ni zem, wato acaɓarsu ta can, har bakin kasuwar Arzèkè. Ya zaunar da ni wurin mai shayi, ya ce bari ya kai jakar masauki ya dawo. Kayan sawata suna ciki, takardun makarantata suna ciki, har da kilishin da Hadiza ta ƙulle mini. Har yau bai dawo ba, Allah ya isa.

Na zauna ina kallon buhunan masara da tarin doya har aka fara rufe rumfuna. Faransancina bai wuce gaisuwa ba, Dendi da Bariba kuwa ko ɗigo. Da na tabbatar an yi da ni, sai na miƙe tsaye a gaban mai shayin na shiga zagin Sidiku da danginsa, ɗaya bayan ɗaya, da ƙarfi. Ina da zuciya, wannan kowa a gidanmu ya sani. Ina cikin haka wani ƙaton mutum da rigar fawa duk jini ya tsaya yana dubana.

Ya ce, "Kai, wa ya taɓa ka kake ta surfa ashar da Hausar Kaduna?"

Na gaya masa. Bai yi mamaki ba, ya ce ba ni ne farau ba. Sunansa Ɗanjuma, mahauci ne, yana sayen shanu wurin Fulani a kasuwannin Borgu. Ya kai ni gidansa a unguwar Titirou, ya shimfiɗa mini tabarma a zaure kusa da fatun da yake shanyawa, ya ara mini riga wadda ta kai mini gwiwa. Warin zauren sai da ya bi ni har cikin mafarki, amma ban taɓa jin daɗin wurin kwana kamarsa ba. Kamfanin dai akwai shi da gaske, sai dai babu wanda ya taɓa jin sunan Sidiku a can, balle nawa. Mai gadin ƙofa surukin Ɗanjuma ne, shi ya shigar da ni.

Manajan wurin, Mushe Gaston (Mushe shi ne Malam a Faransancinsu), mutumin kudu ne, siriri, mai magana a hankali da wani Turanci da yake tauna kowace kalma. Na ce masa an sace takarduna. Ya ce takarda ba ta dame shi ba, ya juyo mini da kwamfuta ya ce in nuna masa. Na nuna masa. Ya ɗauke ni gwaji, sannan ya gaya mini ciwon da ke damun kamfanin.

Aikinsu kashi biyu ne. A Djougou ake turara ƙwallon yazawa, mata su fasa shi su ciro ƙwayar, a zuba a robobi masu murfi, mota ta kawo Parakou. A Parakou ake busarwa a tanda, a ɓare, a tsince, a ɗura a kwali a tura bakin teku. Manhajar ce take jan ragamar komai tun da, ita ke fitar da umarni duk mako ta ce Djougou ta fasa kaza, ko Parakou ta shirya ko ba ta shirya ba. Sai Mushe Gaston ya je wani kwas a ƙetare ya dawo da sabon karatu: kada ka yi abu sai na gabanka ya nema, kada ka tara kaya, duk kayan da ke zaune yana jira asara ne. Da kati ake tafiyar da karatun. Kowace roba tana da katinta. In Parakou ta juye roba, sai ta mayar da katin Djougou, ma'ana a fasa wata. In babu kati, babu fasawa.

To ka ga shef ɗin Djougou, wato shugaban reshen can, yana da iyayengiji biyu ke nan. Takardar manhaja ta ce fasa, allon kati ya ce tsaya. Bawan Allah har ya rame. Masu kamfanin, waɗanda suke zaune a wata ƙasa ba mu taɓa ganinsu ba, sun ce ba za su yar da manhajar da suka saya da tsada ba. Mushe Gaston ya ce ba zai yar da katinsa ba. Ni aka ɗauko in ɗaura wa biyun aure, kuma aka ce in tafi Djougou in ga abin da idona.

Da zan tafi Ɗanjuma ya ce kada in kama haya. Ya ce in tambayi gidan Inna Asibi a tsohuwar unguwar 'yan kasuwa, in ce shi ya turo ni.

Gidan babba ne, na ƙasa, ɗakuna jere a tsakar gida yawancinsu babu kowa sai ƙadangaru. Kakanta mai masaukin fatake ne, zamanin da ayarin goro ke yada zango a garin, wanda tsofaffi har yanzu Zugu suke ce masa. Ita kaɗai ta rage a gidan da mijinta Baba Mudi, wanda ɓarin jikinsa ya shanye, yana kwance a ɗaki ba ya magana sai gurnani. Ɗansu ɗaya ya bi hanyar Aljeriya, an daina jin ɗuriyarsa. Ta dube ni sama da ƙasa, da rigar Ɗanjuma da ledar kayana, ta buɗe mini ɗaki na kusa da rijiya. Na tambayi kuɗin haya. Ta ce, da wata tsohuwar Hausa da ban taɓa ji ba sai a bakin kakata, gidan nan masauki ne ba otal ba, in na sayo hatsi ta dafa mu ci tare.

Abin da na fara lura da shi hannuwanta ne. Baƙi ƙirin, fatar ta sassaɓe, yatsun sun tsattsage. Washegari da safe na gane dalili, don hanya ɗaya muka kama har ƙofar kamfanin. Ta tsaya ta yi dariya har tana riƙe ƙugu.

Ta ce, "Ashe kai ne Mushen da aka ce za a turo ya gyara mu? Da na sani da na ƙara maka barkono jiya."

Tana cikin masu fasawa. Man da ke cikin ɓawon yazawa yana cin hannu kamar wuta, shi ya sa kowace mace take zuwa da ɗan gwangwanin man kaɗanya tana shafawa. Ana biyansu ne gwargwadon robar da suka cika. Inna ita ce babbarsu a shekaru, ita ce kuma mafi nawa, kuma kullum ita ce ta ƙarshen zuwa, saboda sai ta wanke Baba, ta juya shi, ta ba shi koko a baki kafin ta fito. Wannan kujerar ita ce abincinsu da maganin Baba, babu wata hanya.

Watannin farko sun yi mini wuya. Matan suna yi mini dariya da Dendi, shef yana ganin ɗan leƙen asiri ne ni, zazzaɓi ya kayar da ni har sau biyu. Sakwara da wasa-wasa suka gundure ni, ina kwana ina tunanin tuwon dawa da miyar kuka. Wata rana na faɗi haka a tsakar gida, ina mita kamar yadda na saba. Ashe Inna tana ji. Da kasuwa ta ci sai ga kuka da daddawa a ƙulle, ta yi mini miyar, ba ta yi daidai da ta gida ba ko kusa, amma na ci ina sunkuyar da kai don kada ta ga idona. In Hadiza ta kira, Inna takan karɓi wayar ta ce mata, "Ki kwantar da hankalinki, 'yata, mijinki faɗa kawai yake da shi, amma yana ci."

A ƙauyen Partago na samo bakin zaren aikin. Na bi masu sayen kamfanin zuwa ƙauyukan can lokacin kakar yazawa, ranar kasuwa, manoma na ta sauke buhuna daga kekuna da babura. Ina tsaye ina kallo sai abin ya faɗo mini: bishiya sau ɗaya take haihuwa a shekara, babu katin da za ka aika mata a watan da ka ga dama. Abin da za a fasa shekara guda dole a saye shi a 'yan makonnin nan, kuma wannan sai da hasashe, sai da manhaja. Amma abin da za a fasa yau Talata, manhaja ba ta da hurumi a ciki, Parakou ce ta san ko tandarta ta ɗauke. Na koma na raba musu gado. Manhaja ta riƙe na nesa, sayen ƙwallo da kwalaye da ranar jirgi. Kati ya riƙe na yau. Na kashe umarnin mako-mako gaba ɗaya, na bar wa manhajar abu biyu: ta faɗi adadin katin da zai riƙa yawo a wata, kuma duk katin da ya isa Parakou a goga shi a na'ura don ta san abin da ya fita daga sito. Mushe Gaston ya miƙe daga kujerarsa ya ba ni hannu. Na ji kaina ya yi girma, ba zan ɓoye ba.

Ranar da aka rataye katunan sabon tsarin a allo, kowa ya ga ba su kai yawan matan ba. Da yamma Inna tana tankaɗe ta tambaye ni.

"Ɗan nan, in mutum ya je bai tarar da kati ba fa?"

Na ce, "Sai ya jira mota ta kawo, Inna."

"Ya jira ya ci me?"

Na yi mata dogon bayani, na ce aikin zai daidaita, asara za ta ragu, kamfani zai yi ƙarfi, kowa zai amfana. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗenta. A makon farko sau da yawa tana isa allon ya zama wayam, ta zauna a inuwa da gwangwanin man kaɗanyarta har azahar ta dawo gida. Daga baya sai na ga abin ya gyaru. Duk lokacin da na leƙa, kowace mace da kati a gabanta tana fasawa, har da Inna. Na ce alhamdu lillahi, tsari ya zauna.

Damina ta yi nisa aka kira ni Parakou da gaggawa. Mushe Gaston ya ja ni bayan ɗakin tanda. Robobi ne jibge har rufi, babu kati a jikin ko ɗaya. Ya buɗe guda. Ƙwayar ta yi funfuna, kore da toka-toka, warin ya bugi hancina. Tanda ba ta iya cinye abin da Djougou ke turowa, masu sauke kaya kuma ba ruwansu da kati, roba suka gani suka ajiye. Manhajar kuwa tana nuna sito cike, alhali an ci rabinsa. Masu kamfanin suka aiko cewa ko a gano matsalar, ko su rufe Djougou su sayo injin fasawa su girka a Parakou.

Na koma Djougou a motar robobi. Na bincika na'ura, na titsiye direba, na yi wa shef ihu har muka kusa dambe. Babu wanda ya san komai, kowa sai ya ɗaga kafaɗa. Da yamma bayan magariba ina zaune a tsakar gida na dafe kai, Inna ta ce bari ta ba ni goro in ji sanyi. Ta kwance bakin zanenta inda take ƙulle 'yan kayanta, sai wani abu shuɗi ya faɗo a kan tabarma. Katin kamfani ne.

Na ɗauka na juya shi. Na ce, "Inna, wannan fa?"

Ta ce, "Wurina ne. Na ɗaure wurina."

A hankali ta gaya mini. In ta cika roba ba ta sa katin a murfi, sai ta ƙulle shi ta zo da shi gida, gobe ta nuna a ba ta ƙwallo. Ita ta fara, saboda Baba. Da sauran suka gani, kowa ta ƙulle nata. Yaron da ke lodin mota a gabansu ya girma, wasunsu sun goya shi, ina zai iya cewa uwarsa ta kwance zane? Shef ma ya sani ya kau da kai.

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya a gidan mutane. Na ce sun kashe aikin wata da watanni, na ce za a rufe wurin kowa ya rasa, na ce ƙwaya tana can ta ruɓe har rufi. Baba Mudi ya yi gurnani daga ɗaki, sai na sauke murya. Inna ba ihuna ne ya taɓa ta ba. Ta matso ta ce, "Ta ruɓe ka ce? Abin da muka fasa da hannunmu?" Na ce ƙwarai, an haƙa rami an binne. Ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Ta ce ita ta ɗauka duk abin da suka fasa yana tafiya ƙasar Turawa ana ci, ba ta san abinci take zubarwa ba, kuma wannan alhaki ne.

Washegari ta riga kowa zuwa, ban san wa ta bar wa Baba ba. Ta tsaya a bakin allo ta yi wa matan magana da Dendi, ba tsawa, ba roƙo. Ban ji abin da ta ce ba. Na dai ga mata suna kwance bakin zane ɗaya bayan ɗaya suna rataye kati, wasu suna hararata. Abin da ni da shef da Mushe Gaston muka kasa, ita ta yi shi kafin hantsi.

Ni kuma na yi mata alkawari a raina cewa ba za ta sake zama a inuwa ba. Na roƙi Mushe Gaston ya bari a yi karɓa-karɓa: tunda kati bai kai yawan mata ba, a riƙa raba shi bi da bi, a ba mace katinta tun yamma ta tafi da shi gida da izini, ta san gobe tana da aiki ko ta makara. Don kada shef ya yi son kai, na ba kowace mace lamba, na sa na'ura ta riƙa haɗa lambar da katin, manhaja ta riƙa lura da wadda aka ba da wadda aka tsallake. Na yi wannan ne domin Inna, Allah shi ne shaida.

Tsarin ya yi aiki, har ya fi yadda na zata. Funfuna ta ƙare, bayan ɗakin tanda ya zama fili, abin da manhaja ta ce yana sito shi ne a sito, kaya suna isa bakin teku kan lokaci. Matan suna samun ƙasa da na da, amma kowa na samu. Inna tana ƙulle katinta da yamma a gabana tana tsokanata, wai yanzu ɓarauniya ta zama mai lasisi. A watannin nan ne kaɗai na yi barci mai daɗi a ƙasar.

Abin da ban yi tunani ba shi ne masu kamfanin ma suna kallon manhajar daga inda suke. Da, hayaniya da tarin kaya sun rufe komai, babu mai iya cewa hannu nawa aikin yake bukata. Yanzu ga shi fili a allo: kusan rabin matan sun isa. Ga kuma lambobin da na raba da hannuna, kowace da saurinta, kowace da yawan ƙwayar da take karyawa. Suka ce a tsayar da karɓa-karɓa, a riƙe na sama, a sallami na ƙasa. Lambar Inna ita ce ta ƙarshe.

Na tafi Parakou ba tare da an kira ni ba. Na shiga ofishin Mushe Gaston ban yi sallama ba.

Na ce, "Kai ka ce mini a kwas ɗinku an ce tsarin nan ba na korar mutane ba ne. Ka ce in an samu rarar hannu, wani aikin ake ba su."

Ya ce, "An faɗa, Mushe Bashir. Masu kamfanin ne ba su je kwas ɗin ba."

Na ce tsohuwar nan ita ta ceci Djougou daga rufewa. Ya ce ya sani, ya rubuta musu, sun amsa da cewa sun gode mata. Na ce a mayar da ita tsince. Ya ce tsince a Parakou yake, za ta bar mijinta? Na ce shara. Ya ce an ba 'yan kwangila. Na ce to in goge lambobin. Ya ce sun riga sun kwafe. Na buga tebur na ce in haka ne ni ma na bar aikin, su nemi wani. Bai yi fushi ba. Ya turo mini wayar ofis a hankali ya ce, "Kira matarka ka gaya mata, ina jira. Ni ma baƙo ne a garin nan, ni ma ina da masu jirana a gida."

Na kalli wayar na daɗe. Na tuna ɗakin Hadiza babu gado, na tuna yarana sun koma makaranta a karon farko cikin shekaru. Ban kira ba. Na fito na je wurin Ɗanjuma a mahauta, ya saurare ni yana sara ƙashi, ya ce Allah ya kyauta, ya ƙulle mini hanta ya ce in kai wa Baba.

Shef zai sanar da safe, ni kuma na ce gara ta ji daga bakina. Hanyar Djougou ba ta taɓa yi mini gajarta kamar ranar ba. Na shiga gida da la'asar sakaliya, na tarar da ita a bakin rijiya tana shafa man kaɗanya a yatsunta. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye hantar. Ashe labari ya riga ni, matar direba maƙwabciyarta ce. Ta goge hannu, ta kwance bakin zanenta, ta ciro katin gobe, ta miƙo mini.

Ta ce, "Kai musu kayansu, kada a ce na sake ɗaurewa."

Na ce, "Inna, na yi iya yina."

"Na sani."

"Lambar nan don ke na yi ta."

"Na sani, ɗan nan. Karɓi mana, hannuna ya gaji."

Na karɓa. Na ce mata zan nemi ɗaki a gari in tashi, don ba ni da idon da zan riƙa cin abincinta bayan wannan. A nan ne na ga fushinta, karo na farko kuma na ƙarshe. Ta miƙe tsaye.

Ta ce, "Tun zamanin kakana ba a taɓa jin baƙo ya bar gidan nan saboda abin da ya zo da shi ba. Wasu sun zo da riba, wasu sun zo da cuta, duk a nan suka kwana. A kaina kake so a fara? An ɗauke mini aiki, kada ka haɗa da sunan gida."

Haka na zauna. Na ci gaba da sayo hatsi, ina ƙarawa da abin da zan iya, tana karɓar na tukunya tana mayar mini da sauran. Ta koma sayar da ƙuli-ƙuli a ƙofar gida, wanda ba ya sayen maganin Baba ko na mako ɗaya. Tsarin kuwa yana nan yana aiki har yau, an ce ma an kai shi wani reshen, kuma in baƙi suka zo Mushe Gaston yakan ambaci sunana. Daidai ne tsarin, na duba shi ta kowace fuska ban ga kuskurensa ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Amma safiyar farko ce ba ta barina. Na ƙi fitowa da wuri, ina jin motsinta, ta wanke Baba, ta juya shi, ta ba shi koko kamar kullum. Da na fito na tarar ta yi shirin fita tsaf, ta ɗaura zanen aiki, gwangwanin man kaɗanya a hannu, ta kai bakin zaure. Ɗaya hannun yana laluben bakin zanen. Ta tsaya a nan kaɗan, sannan ta juyo ta ajiye gwangwanin a kan turmi, ta ɗauko kwanon kokona ta miƙo mini.

Ta ce, "Sha ka tafi, kada ka makara. Wurin nan ba sa jiran mutum."